Kawu, in bar Inna ta sayar da fulotinta in tafi karatun siyasa a waje?

Salamu alaikum Kawu, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ɗan Garwa ne, unguwar Yelwa, shekarata 22. Na gama shekara ta biyu a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Ngaundere, makina 13 bisa 20, saura shekara ɗaya in karɓi lisans, wato digirin farko. Amma gaskiya zaman Dang, inda jami'ar take, ya fita daga raina. Aji cike maƙil, malami ya zo ya karanta mana takarda ya tafi, yayyenmu da suka gama kuwa ga su nan suna acaɓa. Wani abokina ya haɗa ni da wani dillali da ya ce zai samo mini gurbi a wata jami'a a Saifurus ta Arewa, da rangwamen rabin kuɗin makaranta, in har na kawo sefa miliyan biyu da rabi kafin ƙarshen wata. Ya ce daga can zuwa Turai taku ɗaya ne. Baba yana da shagon atamfa a babbar kasuwa, kuma tun farko bai so wannan karatu ba, cewa yake siyasa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, in gama in zo shago. Inna ta ce za ta sayar da fulotin da ta gada daga mahaifinta ta ba ni kuɗin, amma kada Baba ya ji sai na sauka can. Kawu, in karɓa?

Ɗanka, daga Yelwa

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka karɓi kuɗin nan. Na faɗa maka tun daga bakin ƙofa don kada ka yi ta lalube cikin maganata kana neman inda zan sassauta. Fita kam ni ma ina so ka fita. Wannan tafiyar da aka ɗaure maka kayanta ce ba ta kwanta mini ba.

Tunda a gidan kasuwa ka tashi, mu fara da lissafi. Shekara biyu ka zuba a Dang. Kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, yadda yake a jami'o'in gwamnati tun gyaran da aka yi a 1993, amma kai ka fi ni sanin ba nan kuɗin ke tafiya ba. Akwai hayar ɗaki, akwai fotokofi, akwai buhun shinkafa da garin masara da ake aiko maka a mota. Duk wannan saura shekara ɗaya ya zama takarda a hannunka. In ka tashi yau, da bak, takardar gama sakandare, kaɗai za ka tashi. Digiri na farko a can shekara huɗu ne, akasari da Turanci, kuma wanda Turancinsa bai kai ba sai ya fara da shekarar koyon harshe. Kai kuwa da Faransanci ka yi karatunka tun daga aji ɗaya. Shekara biyar ke nan, in kuɗi bai yanke a hanya ba. Ko za su lissafa maka wasu darussan da ka riga ka ci, wannan hukuncin jami'a ne, ba a aljihun dillali yake ba. Sai ka dawo kana da shekara 27 riƙe da irin takardar da za ka iya riƙewa kana 23. Konkur, wato jarrabawar shiga ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati, kuwa ba ya karɓar sabon shiga da ya haura 32, kuma ba kowa ke ci a zaman farko ba. Shekarun nan huɗu da kake shirin zubarwa su ne na zama na biyu da na uku.

Dillalinka ba zan kira shi ɓarawo ba. Sana'arsa dai ka san yadda take: la'ada yake ci a kan kowane kai da ya kai, kamar dillalin shanu a kasuwar Adumri. Sai dai a Adumri saniyar tana gabanka, ka buɗe bakinta ka duba haƙora. Nan cinikin biri a sama ake nema ka yi, da gādon mahaifiyarka.

Batun "taku ɗaya zuwa Turai" shi ya fi ba ni mamaki da ya wuce ta kunnenka. Tsibirin nan a rabe yake tun 1974. Ɓangaren arewa ya ayyana kansa ƙasa a 1983, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da shi. Gwamnatin da ke kudu ce ta shiga Tarayyar Turai a 2004, dokokin tarayyar ba sa aiki a arewa, jirgin da zai sauke ka can ma sai ya bi ta Turkiyya. Takardar zaman da za su ba ka ba ta buɗe ƙofar Faransa ko Jamus. Ɗana, amincewa da ƙasa darasi ne na shekarar farko a sashenku. Da a jarrabawa aka yi maka wannan tambaya da ka ci, ga shi a waje kana neman faɗuwa.

Rangwamen rabi kuma ka tambayi Babanka yadda ake yin sa: a ɗora wa turmi kuɗi, sannan a ce "don ke ce, Hajiya". Baƙin ɗalibai da yawa irin wannan rangwame ake ba su a can. Sauran rabin da Yuro ko dala ake biya, ga haya, ga abinci, aikin da ɗalibi zai yi ya riƙe kansa kuma bai taka kara ya karya ba. Abin ya kai a 2020 hukumar Najeriya mai kula da 'yan ƙasarta mazauna waje ta fito ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'yansu can. Akwai jami'o'in gaske a wurin, akwai masu gamawa lafiya su dawo, amma duba da kyau za ka tarar waɗanda ake turo wa kuɗi duk wata ne. Fuloti sau ɗaya ake sayar da shi. Shekara ta biyu wa zai biya? In kana son gwada mutumin, ka ce ya ba ka sunan jami'ar, ka rubuta musu da hannunka ta adireshin da ke shafinsu, ka nemi jimillar kuɗin shekara huɗu, ka kuma ce masa ba ka biya sai a asusun jami'a. Sai ka ga yadda "kafin ƙarshen wata" zai koma "kafin Juma'a".

To bar dillali. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka daban ne. Ka lissafa mini duk abin da kake gudu, cunkoso da malami mai karanta takarda da acaɓa. Abin da kake so ka sani, ko layi ɗaya ba ka rubuta ba. Da likitanci kake nema da ban damu ba, hanta hanta ce ko a Garwa ko a Ankara. Kimiyyar siyasa kuwa kowace ƙasa ciwon kanta take koyarwa. Faransawa sun kafa makarantar nazarin siyasa ta Sciences Po a 1872 ne bayan kashin da suka sha a hannun Jamusawa, suna neman sanin me ya sa shugabanninsu suka gaza. Makarantar Mulkiye, wadda yanzu take cikin Jami'ar Ankara, Daular Usmaniyya ce ta buɗe ta a 1859 don ta samu ma'aikatan da za su riƙe mata larduna. Tamu ENAM ɗin ma a 1959 aka kafa ta, ana gobe 'yancin kai, don a samu masu karɓar ofis daga hannun Bature. Wanda ya shiga irin waɗannan makarantu ba da tambayarsa ba, amsar tambayoyin wasu zai ɗauko ya kawo gida. Na sha zama da irinsu. Mutum ya zayyana maka tsarin mulkin Faransa na 1958 sashe bayan sashe, amma ka ce masa manomi da makiyayi sun yi rikici a Pitowa, tsakanin jauro (mai gari) da lamiɗo (sarki) da sufurefe (shugaban gunduma na gwamnati) da jandarma maganar wa za ta tsaya, kuma don me, sai ya fara gyaran murya.

Kai ko a kan tambayoyi kake kwana kake tashi. Dokar 1977 ta raba sarautun gargajiya daraja uku ta mai da sarakuna mataimakan hukuma, amma je ka masarautar Rai Buba ka ga ko takarda da ƙasa sun yi daidai. Da aka yi zaɓen majalisun jihohi na farko a Disamba 2020, kujeru 20 cikin 90 na kowace majalisa sarakuna aka ware wa. Me suke yi da su? Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 ce ta sa Mubi ta faɗa Najeriya, shi ya sa gida ɗaya za ka tarar rabi da katin ɗan ƙasa na nan rabi da na can, kuma 'yan kasuwarmu sun fi kowane farfesa sanin yadda iyakar nan take numfashi. Ga Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964 da hedkwata a Injamena. Ga sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, yaran da aka haifa a ciki har sun shiga makaranta. Ga madatsar Lagdo, da in aka saki ruwanta mutanen Yola ba sa barci. Kana jin Hausa, kana jin Fillanci, kana rubutu da Faransanci. Abin da baƙon mai bincike zai biya tafinta ya tsinto masa, kai kyauta kake jin sa a majalisar bayan la'asar. Ka ɗauki ɗaya, ɗaya tak, ka bi ta duk shekarar nan ta uku. Ka zauna da tsofaffi, ka nemi takardu, ka rubuta shafi goma sha biyar masu tsabta, ka kai wa malami ɗaya da ka ga yana da ɗan rai ya duba maka. Ko cikin masu karanta takarda su tafi ba a rasa guda da zai yi murnar ganin ɗalibi ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da abin kansa, kuma shi ne zai rubuta maka wasiƙar shaida gobe. Achille Mbembe, wanda duniya ke karantawa yau, a Yawunde ya fara karatun tarihi kafin ya tafi Faris, digirin dakta da ya yi a can a 1989 kuma a kan gwagwarmayar 'yan kishin ƙasa na kudancin Kamaru ne. Kayansa ya tafi da su daga gida.

Kuma in gaya maka tun yanzu, karatun nan a matakin mastar ba iya magana ba ne. Karatu ne mai yawa, rubutu mai yawa, da lissafin ƙididdiga da mutanenmu ke gudu. In wanda kake so shi ne na lasifika da gangami, ba a buƙatar biza, ofishin jam'iyya na nan bakin titi.

Ƙofofin da ake fita ta cikinsu ba tare da an sayar da fili ba, yawancinsu mai lisans suke jira. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana cika shi kyauta ta intanet, akasari daga Janairu zuwa Fabrairu, ba ruwansa da dillali. Yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da ɗan kuɗin kashewa duk wata, da shekara guda ta koyon Turkanci. Ga digiri na farko sai wanda bai kai 21 ba, ka ga wannan ta riga ta wuce ka. Ga mastar kuwa har ƙasa da 30, kana da fili. Sai dai maki 75 cikin 100 suke nema, wanda in aka juya shi kai tsaye 15 ne bisa 20. Sha ukunka bai kai ba, kuma gara ka ji daga bakina. Shi ya sa shekarar nan ba ta zaman jiran takarda ba ce, kuma kada ka rataya duk burinka a ƙusa ɗaya. Maroko na ba da gurabe ta hannun ma'aikatar ilimi mai zurfi, da Faransanci ake karatun, sai ka riƙa bin sanarwarsu. Akwai kuma wadda yaranmu ke rainawa don tana gida: Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyarta ta nazarin mulki a Sowa, cikin Jami'ar Yawunde ta Biyu, da tallafi, kuma abokan ajinka daga ƙasashen Afirka daban-daban za su zo. IRIC, cibiyar nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, ma tana Yawunde tun 1971, kuma ɗaliban wasu ƙasashe suna zuwa neman abin da kai jirgin ƙasa na dare ɗaya daga Ngaundere zai kai ka.

Faransa kowa ita yake hange, to ga farashinta. Tun 2019 kuɗin da aka yanka wa baƙi daga wajen Turai Yuro 2,770 ne a shekara ga lisans, 3,770 ga mastar, an kuma ɗan ƙara daga baya, ko da yake wasu jami'o'in suna yafe wani ɓangare. Kafin biza sai ka nuna kana da abin riƙe kanka, adadin da aka daɗe ana nema Yuro 615 ne a wata, irin wannan adadi kuwa hawa yake yi ba sauka ba. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, wato sama da sefa 400,000 duk wata, kusan miliyan biyar a shekara kafin ka biya makaranta. Aikin da doka ta yarda ɗalibi ya yi sa'a 964 ne a shekara. Miliyan biyu da rabi ɗinka wata shida ne a can. Najeriya ta fi kusa kuma ta fi sauƙi, Zariya da Kano suna da tsofaffin sassan kimiyyar siyasa, za ka fito da Turanci, tuwo ma ba zai canza maka ba, amma ka tuna yajin aikin malamai na 2022 wata takwas ya ci. Waɗanda suka tafi Khartum kuma ka san yadda suka dawo bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, wasu ko takardar makinsu ba su samu ɗaukowa ba. Duk inda za ka, kafin ka biya ko dala, ka tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde za ta ba digirin takardar daidaito, wato ta amince daidai yake da na gida, in ba haka ba ranar ajiye dosiye, wato takardun neman shiga konkur, za ka gane kwali ka sayo.

Maganar acaɓa kuwa, hatimin waje ba ya maganinta shi kaɗai. Babu ofishin da aka rubuta "ana neman masanin siyasa" a ƙofarsa. Masu samu su ne waɗanda suka haɗa karatun da wani abu na hannu: Turanci mai kyau, iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, dokar gudanar da mulki, iya rubuta rahoton da za a karanta. Ƙungiyoyin agaji da ke Marwa da Kusiri irin wannan suke ɗauka. Turancin ka fara shi gobe, kullum sa'a ɗaya, ko da rediyo ne.

Saura Baba, kuma a nan ina so ka sassauta murya. Kana jin "siyasa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce" kamar maganar wanda bai yi boko ba. Ka lissafa shekarunsa. Mutumin Garwa mai irin shekarun mahaifinka yana saurayi aka yi yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, ya ga kame-kamen da suka biyo baya, waɗanda suka fi faɗawa kan 'yan arewa, har da 'yan kasuwa. Ya ga Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan da ya mulki ƙasa fiye da shekara ashirin, ya rasu a Dakar a 1989 aka binne shi can. In irin wannan mutum ya ji ɗansa ya ce siyasa, ba aji da allo yake gani ba. Tsoro ne yake sa masa rigar faɗa. Ba ka taɓa zama ka nuna masa bambancin mai nazarin abu da mai shiga cikinsa ba, na tabbata, domin da ka yi da ka faɗa mini. Kada ka tunkare shi kai kaɗai da farko. Ka sami baffanka ko aminin da yake jin nauyinsa, ka fara warware masa komai, sannan ku je tare bayan isha'i. Ka je da abin da ɗan kasuwa ke ganewa: zan gama lisans a wata kaza, ba na neman ko sisi na tafiya, zan nemi tallafi shekara biyu, in bai samu ba ga konkur, hutu kuma ina shago. Shagon nan ma kada ka raina shi. Wanda ya iya fito da atamfa daga iyaka zuwa Garwa, ya san wa ake gaisarwa a kowane shinge, ya san abin da littattafanku ke kewaye-kewaye a kai. Ka tambaye shi, za ka sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe in ya ga ɗansa na neman sani a wurinsa.

Inna kuwa, fulotinta nata ne, shari'a ta ba ta ikon yin yadda ta so da shi, ba mai ja. Amma kai ka san abin da ba ta faɗa ba. Filin nan shi ne bangon da za ta jingina in yau ta juya, shi ne na ƙannenka mata. Kuma a Garwa ba a sayar da fili a ɓoye, akwai dillali, akwai shaidu, akwai mai unguwa. Kafin jirginka ya sauka labari ya riga ya isa shago. Kai kana can, ita ce za ta zauna a gidan da miji ya gano an ƙulla abu a bayansa, in akwai abokiyar zama kuma ta samu na taunawa har shekara. Uwa in ta ga ɗanta na ƙunci ko zanen jikinta za ta cire ta ba shi, hana ta ya rage naka. Ka je ka durƙusa ka yi mata godiya sosai, ka ce ta riƙe filinta, ka nemi addu'arta a kan jarrabawar bana. In Allah ya kawo tallafi, akwai ƙananan kuɗin fasfo da fassarar takardu da rigar sanyi. A nan in ta ce za ta sa hannu, a gaban Baba, ka karɓa.

Abu ɗaya za ka yi mini cikin makon nan. Ka fito da takardar haihuwarka da ta bak da katin ɗan ƙasa da takardun makinka na shekara biyu, ka shimfiɗa su a tabarma ka duba sunanka harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. Mu nan suna ɗaya sai a rubuta shi iri uku, wannan magatakarda ya sa "ou", wancan ya cire, wani ya ninka "m". Na ga dosiyen da aka mayar saboda harafi ɗaya, gyaran kuma ta kotu yake bi, yana cin watanni. In ka tarar da saɓani ka fara bin sa yanzu, kafin Janairu. Ka kuma sake rubuto mini ka faɗa mini tambayar da ka zaɓa.

Kawunku